Ƙayar Bagaruwa a Tafin Ƙafa: Mako Shida Ana Maganin Kumburi, Guntun Yana Ciki

Mutumin manomi ne, shekarunsa sun kai hamsin ko sun ɗan haura, daga wani ƙauye a fadamar da ke tsakanin Argungu da Augie. Shinkafa yake nomawa, rani da damina. A farkon watan Maris ɗansa ya kawo shi a bayan babur asibitin matakin farko inda nake aiki, yana dogara sanda, yana taka gefen ƙafar dama kawai. Abin da ya kawo shi, a faɗarsa, maruru ne a tafin ƙafa da ya ƙi jin magani. Sai ya kumbura, ya fashe, ya rufe, bayan 'yan kwanaki ya dawo, karo na uku ke nan. Bai ambaci ƙaya ba sai da aka tambaye shi, domin a wurinsa zancen ƙaya ya wuce tun tuni.

Ga yadda abin ya faro. A ƙarshen Janairu, lokacin dashe, ya fita bayan sallar asuba zai tayar da injin ban ruwa. Gonarsa tana gefen burtali, kuma kamar yadda kowa ke yi a wurin, ya kewaye ta da shingen ƙaya saboda shanu. Da dare dabbobi sun ja wani reshen bagaruwa daga shingen sun yar da shi a hanya. Gari bai gama wayewa ba, silifa ce a ƙafarsa. Ƙayar ta huda silifar ta shige tafin ƙafa, ɗan bayan tushen ƙananan yatsu. Ya zauna ya fizge ta, ya matsa wurin jini ya fita, ya shiga ruwa ya ci gaba da aiki har azahar.

Na tambaye shi ko ya duba ƙayar bayan ya cire ta, ko tsininta yana nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, wa ka duba ƙaya? Na dai jefar da ita." Gaskiyarsa ce, ba wanda ke dubawa. Amma da za a koya wa manoma da makiyaya abu guda game da ƙaya, da wannan zan zaɓa: in ka cire ta, kalli bakinta. Ƙayar bagaruwa siririya ce mai tsini, busasshiya kuma tana da saurin karyewa. In ta fito da dakusasshen baki ko a tsage, to sauran yana jikinka.

Da yamma, da ya ji wurin yana sukarsa in ya taka, ɗansa ya tona da allura bai samu komai ba. Washegari aka kai shi wurin wanzami. Wanzamin ya ɗan tsaga fata da aska, ya sa matsefata, ya zaro wani ɗan sartse baƙi, ya nuna masa, aka ɗiga man kaɗe mai zafi a ramin, aka ɗaure da tsumma. Kowa ya gamsu an fitar da abin da ke ciki, tunda ga shi an gani da ido. Cikin kwana huɗu ko biyar bakin ciwon ya rufe.

Ba na cikin masu ɗora wa wanzamai laifin komai. A ƙauyukanmu su ne na kusa, kuma ƙayoyin da suka cire aka warke lafiya ba su ƙirguwa. Wannan wanzamin ma ya fitar da wani abu na gaskiya. Matsalar ita ce ƙayar ta karye gida biyu a ciki, ya samu na sama, na ƙasa ya yi nisan da matsefata ba ta kai. Abin da nake ja da shi shi ne mai mai zafi. Yana ƙona naman bakin ramin, ya sa ya rufe da wuri, a kulle datti da guntun ice a ciki inda iska ba ta shiga. Sai kuma askar da ba a tafasa ba tsakanin mutum da mutum, wadda kan iya ɗaukar ciwon hanta daga jinin wani zuwa na wani.

Bayan kamar kwana goma ƙafar ta kumbura, tana zogi da dare, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Aka je kemis, aka ba shi kafso na kwana uku da maganin kashe zafi. Kumburin ya sauka, ya koma fadama. Bayan mako guda ya dawo, wannan karon ya fashe da kansa, mugunya ta fita, ya ji sauƙi. Aka buɗe kafso aka barbaɗa garin a bakin ciwon. Ya rufe. Ya sake kumbura.

Wannan kai-komon shi ne babbar shaida a duk labarin, kuma yana da dalili. Jiki ba ya iya narkar da ice. Idan guntun ƙaya ya zauna a nama, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suna taruwa su kewaye shi, su mutu a wurin su zama mugunya, jiki kuma ya gina wani taurin nama ya zagaye shi. Ice yana da ƙananan ramuka, ƙwayoyin cuta suna shiga su zauna a ciki, kuma jini ba ya gudana a cikin ice balle ya kai musu magani. Kafso yana kashe waɗanda suka fito cikin nama, kumburi ya sauka, amma na cikin guntun suna nan, da an daina shan magani su sake yaɗuwa. Kamar mai kwashe ruwa ne daga ɗaki da damina bai toshe inda rufin ke yoyo ba. Shi ya sa ƙarfe ko gilashi kan iya zama shekaru a jikin mutum bai dame shi ba, har likita ya ga barinsa ya fi tono shi, amma ƙaya, sartsen itace, tsinken kara da ƙayar kifi kusan kullum sai an fitar da su.

A mako na biyar wani ɗan'uwansu ya ba da shawara a je gari a ɗauki hoton ƙashi. Aka je, aka biya, aka ɗauka. Hoton ya fito tas: ƙasusuwa lafiya, ba allura, ba ƙusa, ba komai. Nan ne lamarin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya.

Yayansa, wanda ya biyo su daga baya, shi ya faɗa mini abin da gidan suka yanke. Ya ce, "Likita, hoto munka ɗauka, anka ce ba komi ciki. Ciwon da na'ura ba ta gani ba, ai ba na asibiti ba ne. Wani abu ya taka." Wato jifa. Gonar tana da kyau, akwai tsohuwar jayayya a kan iyaka da maƙwabci, ga ciwo a ƙafa da ya ƙi magani, ga hoto ya ce babu komai. In ka tsaya a inda suke tsaye, lissafin nasu ya haɗu. Har an fara karɓo rubutu da turare, kuma har an fara kallon maƙwabcin da wani ido. Ɗan ne kawai ya dage a biyo ta wurinmu, don a wanke ciwon a ɗaure.

Abin da ba a bayyana musu ba, ko aka bayyana bai shiga ba, shi ne hoton ƙashi ba komai yake gani ba. Haske ne ake harbawa ya ratsa jiki, abin da ke da nauyi da tauri ya tare shi ya fito fari a hoton. Ƙashi yana fitowa, ƙarfe yana fitowa, tsakuwa da mafi yawan gilashi suna fitowa. Ice kuwa, musamman wanda ya jiƙa da ruwan jiki na makonni, nauyinsa ya zama kusan ɗaya da na naman da ke kewaye da shi, sai hasken ya wuce su duka biyun bai bambanta ba. Roba ma haka. Saboda haka mafi yawan lokuta ƙaya ba ta fitowa a irin wannan hoton. "Ba a ga komai ba" magana ce ta gaskiya, amma a kunnen mai ciwo tana zama "babu komai", kuma tsakanin waɗannan biyun mutum kan yi asarar ƙafa. Duk ma'aikacin da zai miƙa wa ɗan ƙauye irin wannan hoton, haƙƙi ne a kansa ya ƙara da cewa hoton ba ya ganin ƙaya.

Hoton dai bai tashi a banza ba. Idan cuta ta kama ƙashi, alamarta takan fara bayyana a hoto bayan kamar kwana 10 zuwa 14. Ƙashi mai tsabta a mako na biyar labari ne mai daɗi, ballantana ga wanda abu ya huda ta cikin takalmin roba. Irin wannan hudar takan tura ɓarɓashin roba ciki tare da wata ƙwayar cuta mai son danshi, wadda kafson kemis na yau da kullum ba ya kashewa, kuma an san ta da kama ƙashin ƙafa.

Da na duba shi, ba zazzaɓi a jikinsa. Akwai tauri a tafin ƙafa, da ɗan ƙaramin rami a tsakiya wanda mugunya ke tsattsafowa in an matsa. Yatsun suna motsi, bayan ƙafar bai kumbura ba, ba jan layi da ya hau ƙwauri. Na bi kewayen wurin ina dannawa a hankali da kan yatsa. Ko'ina yana cewa da zafi kaɗan, sai wuri ɗaya, ɗan gefe da ramin, inda ya zabura ya janye ƙafar. Ya ce, "Nan ne. In na taka, ji nike kamar ana soka min allura daga ciki." Idan mai ciwo ya ce yana jin abu a ciki, kuma yana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, a yarda da shi. Sau da yawa ya fi hoto gaskiya.

Abu biyu na so in kawar kafin in tsaya a kan ƙaya. Na farko ciwon suga, domin mai suga ƙafarsa kan mutu ba ya jin suka, ciwonsa kuma ba ya warkewa da wuri, ƙaramar huda kan kai shi ga yanke ƙafa. An gwada jininsa, sugansa daidai, kuma yana jin taɓi a duk yatsunsa. Na biyu wata cuta da ake kira maisitoma, wadda ke shiga ta hudar ƙaya a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa irin namu, ta fi yawa a Sudan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Ita tana tafiya a hankali cikin watanni ko shekaru, kumburi marar zafi sosai, ramuka da yawa, kuma wasu 'yan ƙwayoyi kamar tsaba, baƙaƙe ko farare ko jajaye, suna fitowa cikin mugunyar. Nasa rami ɗaya ne, mai zafi, na mako shida, ba tsaba. Bai yi kama da ita ba, amma duk wanda ke duba ƙafafun manoma a Kebbi ya kamata ya riƙe ta a ransa.

Ɗan ya roƙe ni in tsaga in duba a nan take, tunda akwai allurar kashe zafi da almakashi. Na ƙi, na kuma gaya masa dalili. Tafin ƙafa ba kamar damtse ba ne. Fatarsa kauri gare ta, a ƙarƙashinta akwai kitse da aka raba ɗaki-ɗaki, sannan wata shimfiɗar jijiya mai tauri, sannan jijiyoyin da ke motsa yatsu da na jini da na ji. Guntun da ya yi makonni a ciki ya yi laushi, ya rine da launin nama. Mai tono a makance yakan tura shi ciki, ko ya farfasa shi, ko ya yanke abin da bai kamata ba, kuma tabo a tafin ƙafa yakan dami mutum duk tsawon rayuwarsa. An riga an tona wurin sau biyu. Na uku ya kamata ya zama na wanda ya san inda abin yake kafin ya sa wuƙa.

Na rubuta musu takarda zuwa babban asibiti a Birnin Kebbi, na rubuta ƙarara cewa ana zargin guntun ƙaya ne, ana neman sikanin, ba hoton ƙashi ba. Sai da na zauna da yayan, domin in bai yarda ba tafiyar ba za ta yiwu ba. Ya ce, "Sikanin ba na mata masu ciki ba ne?" Na ce, "Shi ne, Baba. Na'urar da ke ganin jariri a ciki, jaririn da ƙashinsa bai gama tauri ba, ita ce ke ganin ice a cikin nama. Ita da sauti take aiki, tana tura shi ya bugi abu ya dawo. Ku ba ni wannan tafiya ɗaya. In ba a ga komai ba, ku dawo mu sake shawara." Ban taɓa maganar rubutun da yake sha ba. Na dai roƙa kada a ƙara sa komai a cikin ramin, ko toka, ko kanwa, ko kananzir, ko baƙin mai.

Sikanin ya nuna shi cikin 'yan mintoci: siririn farin layi, tsawonsa kusan santimita ɗaya da rabi, a kwance a karkace, da baƙin da'ira ta mugunya kewaye da shi. Bai kai ƙashi ba. Kuma ba a ƙarƙashin ramin yake ba, yana gefe, daidai inda mutumin ya zabura. Aka yi alama a fata, likita ya yi allurar kashe wurin, ya tsaga kaɗan, ya zaro shi. Tsinin ƙayar bagaruwa ne, ya yi baƙi ya yi laushi. Aka wanke ramin sosai da ruwan gishiri na asibiti, aka bar shi a buɗe ba ɗinki, domin ciwon da ke da mugunya daga ciki yake cikowa, in an ɗinke bakinsa an maimaita abin da man kaɗe ya yi. Aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, wannan karon cikakke, da sharaɗin ya shanye ko da ya ji sauƙi. Likitan ya sa guntun a auduga ya ba ɗan. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin guntun nan da aka kai gida aka nuna shi ne ya kashe maganar jifa, ya kuma wanke maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai haɗarin da ya tsallake ba tare da ya sani ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙayar ta kwana a burtali, cikin ƙasa da kashin shanu. Nan ne mazaunin ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda a asibiti ake ce wa tetanus. Mutane sun ɗauka tsatsar ƙusa ce ke kawo ta, alhali ƙasa ce da kashin dabbobi, ƙusa da ƙaya masu kai ta ciki ne kawai. Ƙwayar ba ta son iska, don haka rami mai zurfi, mai ƙaramin baki, wanda aka toshe, shi ne abin da take nema. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21: muƙamuƙi ya riƙe, wuya da baya su sandare, jiki ya riƙa fizga in an yi ƙara ko an haska fitila. Tana kisa, kuma wanda ya tashi daga ita ma bai samu kariya ba sai an yi masa rigakafi.

Mutumin nan bai tuna an taɓa yi masa allurar ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Jarirai suna samunta cikin allurar Penta a mako na 6, na 10 da na 14, mata suna samu a wurin awon ciki, amma magidanci mai shekara hamsin, wanda kullum ƙafarsa tana cikin laka da taki, ba layin da yake bi. Ƙa'idar ita ce, wanda ya yi cikakken rigakafi, in ya samu rauni mai datti kuma allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5, a ƙara masa ɗaya. Wanda bai taɓa yi ba ko bai sani ba, a fara masa rigakafin nan take, a haɗa masa da allura ta biyu mai ba da kariyar gaggawa. Da ya zo ranar da ƙayar ta soke shi, duka biyun zai samu. A Birnin Kebbi an yi masa ta farko.

Ba kowace ƙaya ce ta asibiti ba, kuma ba wanda zai bar gona ya hau kabu-kabu saboda sartse. Wadda kanta ke waje ana gani, a wanke hannu da wurin da sabulu, a tafasa matsefata, a ja ta ta hanyar da ta shiga, a duba bakinta, a sake wankewa da ruwa mai yawa. In an ɗan jima ana fama ba ta fito ba, a daina tono. Wadda ta shiga gaɓa, ko kusa da ido, ko can ƙarƙashin farce, da ƙugiyar kamun kifi, da ƙayar kurungu mai haƙora kamar zarto da masuntanmu suka sani, waɗannan a kai su ga ma'aikacin lafiya tun ranar. Haka duk wata huda a ƙafar mai ciwon suga, komai ƙanƙantarta.

Jinyar bayan aikin ta fi aikin wuya. Ana bukatar ya nisanci ruwan fadama har ramin ya cike, a daidai lokacin da shinkafa ba ta jure ƙishirwa. Da an ce masa kawai "kada ka shiga ruwa", da ya amsa da to, washegari ya shiga. Sai da aka zauna da yayan aka tsara 'ya'yan gidan su karɓi ban ruwa, shi kuma ya riƙa zuwa wankin ciwo. Zogin ya ɗauke tun daren farko. Kaluluwar ta baje cikin mako guda. Ramin ya cike cikin mako uku, ya ajiye sanda, ya sayi dogon takalmin roba mai kaurin ƙasa, ko da yake ya ce yana da zafi kuma laka tana riƙe shi. Da ɗan ya lissafa abin da aka kashe a kemis, da hoton farko, da rubutu, da kwanakin aikin da aka rasa, ya ninka kuɗin sikanin da cirewar.

Ya dawo wurinmu a watan Afrilu aka yi masa allurar rigakafi ta biyu, mako huɗu bayan ta farko, ya kuma zo da yayansa aka fara masa tasa. Ta uku tana zuwa wata shida bayan ta biyu, wato cikin Oktoba, lokacin da girbi ya kankama, kuma ita ce wadda maza suka fi tsallakewa tunda ba abin da ke musu ciwo. An rubuta ranar a katinsa, aka daidaita ta da ranar kasuwar da suke shigowa gari, ɗan kuma ya sa ta a wayarsa.